Baba Aaron da Ramin Maƙwabci

Ƙarfe shida da rabi Baba Aaron yake jingine kekensa a gindin ɗorawar da ke ƙofar makarantarmu. Ba tsintsiya yake fara ɗauka ba. Sai ya zagaya bayan ajujuwa, ya hau wani falalen dutse da yara suka mayar santsi saboda zamiya, ya tsaya yana kallon tudun gabas inda rugar Haladu take. Abu uku yake dubawa: ko hayaƙi na tashi daga bukkoki, ko shanu sun bi hanyar da suka saba, ko balbelu na biye da su hankali kwance. In ya ga ukun, sai ya sauko ya share harabar, ya cika randa, bakwai da rabi ya ɗauki guntun rodi ya buga tsohon ƙarfen tayar tirela da ke rataye a reshen ɗorawar. Ita ce ƙararrawarmu. Shekara goma sha tara ke nan yana haka. Ranar Juma'ar nan zai buga ta ƙarshe ya koma gonarsa a Manga, ni kuwa tun da aka sanar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Tsoro nake ji, kuma ba zan ɓoye ba.

Sunana Gladys. Ina koyar da aji biyar a wata ƙaramar firamare a gefen Zuru, inda gidaje ke ƙarewa gonakin dawa su fara. Akwai waɗanda suka fi ni sanin Baba Aaron. Amma babu wanda ya fi ni yi masa dariya, kuma babu wanda ya jawo masa wahala kamar ni, shi ya sa na ga ni ya kamata in rubuta wannan.

Aikin soja ya yi, kamar rabin mazan ƙasar nan. Bai dawo da wani babban muƙami ba. Kofur ya tashi, da gwiwa ɗaya mai ciwo da wani gwangwanin man shafawa da ba ya rabuwa da aljihunsa. In ka buɗe gwangwanin za ka ga busasshen hannun ƙaguwa, tsawon ɗan yatsa, bakinsa kamar awartaki. Shekara shida aka ajiye shi can kudu, inda kogi ke haɗuwa da teku, yana gadin wata mashigar jiragen ruwa. Ya ce a can ruwa yakan janye sau biyu kowace rana ya bar taɓo baƙi har iya ganinka, kuma mai gadi ba shi da abin kallo sai abin da ke fitowa daga taɓon.

Ƙaguwar rafukanmu mun san ta, hannuwanta biyu kusan kai ɗaya. Tasa dabam ce. Da an tashi tara yara sukan kewaye shi a gindin ɗorawa, su yi ta roƙo har sai ya buɗe gwangwanin.

"Ku ji, ɗiyana," in ji shi. "Namijin, hannu guda Allah ya ba shi babba, ya kusa kai girman jikinai. Ba ya cin abinci da shi, da ƙaramin yake ci. Aikin babban biyu na: neman mata da faɗa. Da ruwa ya janye sai su hito dubu-dubu, kowa bakin raminai, shina ɗaga hannu shina saukewa, shina ɗagawa shina saukewa, rana na dukanai. Macen kuwa tana yawo tana cin abincinta da hannu biyu, ko kallo bai ishe ta ba."

Sai ya ɗaga damansa a hankali ya sauke, yara su ma su ɗaga, ana ta ƙyalƙyala.

"In ta ga wanda ya yi mata, ba ta yarda nan take. Ta leƙa ramin, ta shiga, ta hito, ta wuce na gaba. Haka matata Saloma ta yi da ɗakin da na gina. Mu shekara bakwai munka yi golmo, muna nome gonar surukai kahin a ba mu mata. Da na ga ƙaguwa na ce ashe ko cikin taɓo ba a samun mata a ɓagas."

Wannan ɓangaren mu malamai mata mukan saurara, don akwai daɗi. Sauran labarin ne ba mu ɗauka a bakin komai ba. Yakan ce ƙaguwar ba ita kaɗai ba ce a taɓon. Akwai wata ƙaguwa baƙa mai hawa saiwar itace, wadda ba danginta ba ce. Akwai wani kifi mai tsalle a kan laka, idanunsa a tsakar ka. Kowa da abincinsa, kowa da irin zawarcinsa, ba mai shiga harkar wani. Amma da kifin nan ya yi tsalle a firgice, ko baƙar ƙaguwar ta zabura, sai taɓon ya zama wayam kafin shi kansa ya hango tsuntsun da ya kawo farmaki. Mai ɗaga hannu hankalinsa na kan mata, motsin maƙwabci ne ke gaya masa mutuwa ta taho. Macen da ke yawon zaɓen miji kuwa ta yi nisa da raminta, don haka ba ta neman nata. Ramin da ya fi kusa take faɗawa, ko na wane ne. Ya ce har ya sha ganin babban namiji ya bar ƙofarsa ya je ya taya ƙaramin maƙwabcinsa korar baƙon da ke son ƙwace rami.

"Don mi, Baba?" in ji yara.

"Don ya san wanga. Baƙon bai san da mi za ya zo ba."

Kofur Ƙaguwa muke ce masa a ofishin malamai, kuma ni na raɗa masa sunan. Wata rana na ce mazan wasu sun je aikin soja sun dawo da lambar girma, namu ya dawo da hannun ƙaguwa a gwangwani. Ashe yana bayan taga yana shara. Ya leƙo ya ce, "Malama, lambar ba ta koya ma kowa komi," ya ci gaba da shararsa.

Sannan tsoro ya shigo ƙasar. Ba sai na gaya wa mutanen ƙasar nan yadda ya shigo ba. Da farko labari ne daga can gefen daji, ana faɗinsa a kasuwa ana girgiza kai. Daga baya ya zama labarin mutanen da ka san sunansu. Muka fara ganin mata da ƙullin kaya a ka suna shigowa gari, ba su san gidan da za su sauka ba. Ƙarar babur uku a jere ta isa ta tsayar da darasi. Na sha tsayawa da alli a hannu, bakina a buɗe, ina jiran ƙarar ta wuce, yara talatin da takwas suna kallon fuskata don su san ko su ji tsoro.

Hedimasta ya kira taron iyaye. Wani ya ce a gina katanga, wani ya ce a rufe makarantar, da yawa suka ce in an ga wani abu Baba ya buga ƙararrawa da ƙarfi kowa ya ji. Baba Aaron yana tsaye a bakin ƙofa, don ba a ajiye wa mai gadi kujera. Ya nemi izini.

"Ƙararrawa mi take koya ma ɗiyanga? Su hito hili su yi layi. Shekara da shekaru haka munka koya musu. In na buga ta ranar, tara su na yi ma maharan."

Ya bayyana abin da yake so. In akwai haɗari ba zai buga komai ba, zai hau falalen dutse, inda kowane aji ke hangowa ta taga, ya ɗaga jan ƙyalle da hannu ɗaya ya sauke, kamar ƙaguwa. Kowane aji yana da raminsa, wato mafakar da ta fi kusa da shi, kuma ya riga ya auna da ƙafarsa. Aji biyar da shida su shiga gonar dawa su gangara kwazazzabo. Aji uku da huɗu su shiga gidajen da ke bayan rijiya. Aji ɗaya da biyu, ƙanana, su bi ta kafar shingen baya su shiga rugar Haladu. Kuma Haladu, da yake kiwonsa a kan tudu yake, shi zai fara hango ƙurar babura, sai ya ɗaga sanda.

Ezekiel ya miƙe. Shi ne shugaban 'yan sa-kai na unguwar, yana da 'ya'ya biyu a ƙananan ajujuwan.

"Ka ce mu kai ɗiyanmu ruga? Ka san wa ke kai ma mutanen nan labari?"

"Ban sani ba," in ji Baba. "Na dai san shanun Haladu goma sha ɗaya anka kore bara. Kuma daga aji biyu zuwa bukkar matatai Fadima taki ɗari da ashirin na. Zuwa coci ɗari huɗu, kuma sai an ratsa hilin ƙwallo, inda ba ko ciyawar da za ta ɓoye kaza."

Nan ni ma na miƙe. Na ce, "Baba, 'ya'yan mutane ne fa, ba ƙaguwa ba." Aka tafa mini. Na ji daɗin tafin, har na gyara ɗaurin ɗankwali. Hedimasta ya ce wanda ya san wurin da ya fi rugar kusa ya faɗa. Babu wanda ya sani. Haka aka amince, ana gunaguni.

Da na koma gida na zaunar da 'yata Praise, tana aji biyu, shekararta bakwai. Na riƙe kafaɗunta na ce, "In Baba ya ɗaga hannu, kar ki bi su ruga. Ki zo wurina." Ajina yana ɗaya gefen filin ƙwallo. Na san haka sarai lokacin da nake faɗa mata.

Kowace Laraba ya riƙa yi mana atisaye. Yara suka ɗauke shi wasa, suka ƙware. Doka ɗaya ce ya fi matsa musu a kai: da hannu ya tashi, ƙararrawa ba tasu ba ce, kiran suna ma ba nasu ba ne. Ba mai fitowa sai ya zo da kansa ya ce, "Ruwa ya janye." Yakan bari su ɓuya, sannan ya je ya buga ƙarfen don gwaji. Ranar farko rabin makarantar suka fito da gudu suka yi layi. Ya kalle su bai yi dariya ba, ya ce su koma. Sai da aka yi wata biyu kafin ya buga ƙarfen babu wanda ya motsa. Shi da Haladu kuma suka gyara wani tsohon ramin ɗibar yumɓu da ke bayan garke, suka rufe shi da zana da kara. Haladu ba ya iya kiran sunansa, Haruna yake ce masa. Ramin ban san da shi ba sai daga baya, atisayen kuwa ina gani ina taɓe baki.

Ranar Alhamis ce, dawa ta fi mutum tsawo, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ina rubuta lissafi a allo wata yarinya, Raudatu, ta ce a hankali, "Malama, Baba." Na juya. Yana kan dutsen, jan ƙyalle a damansa, yana ɗagawa yana saukewa. Ba Laraba ba ce. Can bayansa balbelu sun tashi gaba ɗaya, shanu na gudu ta inda ba su taɓa bi ba.

Yaran sun fi ni hankali. Ba wanda ya ɗauki jaka, ba wanda ya yi magana. Suka bi ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya suka shige dawa. Ni ce ta ƙarshe. Da zan shiga na waiwaya, sai na ga wani ɗan abu mai rigar sanyi rawaya ya ɓalle daga layin ƙanana, ya nufo tsakiyar fili da gudu. Na san rigar, ni na saƙa ta. Na ga Baba ya diro daga dutsen da gwiwar nan tasa yana ɗingishi yana binta. A lokacin na fara jin babura. Gabana yara talatin da takwas, bayana 'yata. Na shiga dawar.

Muka kwanta a kwazazzabo, fuska a ƙasa. Babura suka tsaya. Muka ji muryoyi, muka ji ana dukan ƙofofi. Sannan aka buga ƙararrawa.

Ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamar wannan ƙarar ba. Ƙarar da nake ji kullum ce, wadda ke ce mini lokacin aiki ya yi. Aka buga, aka sake bugawa, aka yi shiru ana jira. Raudatu ta fara ɗago gwiwa, na danne ta da hannu. Amma gaskiya ni kaina ƙafata so take ta tashi. Zuciyata na ce mini ko Baba ne ke kira, ko an kama Praise, ko in na fita za su karɓe ni su sake ta. Na cusa bakin zanena a baki na cije. Aka buga har sau biyar. Makaranta mai yara fiye da ɗari biyu, ko tari ba a ji ba.

Abin da ya faru a harabar, Asiya mai ƙosai ce ta gani ta tsagar katangar gidanta da ke kallon ƙofar makaranta, kuma ta faɗa a gaban mutane ba sau ɗaya ba. Ta ce Baba ya cafke Praise a tsakiyar fili, ya saɓa ta a kafaɗa tana shure-shure, ya kai ta kafar shinge. Fadima ta riga ta ajiye ƙwaryar nononta tana tura yara ta kafar, ya miƙa mata yarinyar. Yana da lokacin da zai bi su. Sai ya dubi ƙasa, ya ga sawun ƙananan ƙafafu sun yi hanya ɓaro-ɓaro zuwa shingen. Ya ɗauki tsintsiyarsa ya share sawun, yana ja da baya, har ya iso gindin ɗorawa. A nan suka same shi, yana shara.

Babura shida ne, kowane da mutum biyu ko uku. Suka tambaye shi ina yara. Ya ce an tashi. Suka shiga ajujuwa suka ga jakunkuna, suka ga kwanan wata a allo. Ɗaya ya ƙwace rodin ya buga ƙarfen da kansa. Da ba wanda ya fito, suka koma kan tsohon. Asiya ta ce da gindin bindiga suka yi ta dukansa, yana kare kai da damansa, yana cewa, "Sun tahi gari, ku bi hanyar gari." Ba su bar shi ba sai da aka fara jin harbin 'yan sa-kai daga wajen kasuwa. Suka hau baburansu suka koma ta inda suka fito. Hannun ya karye wuri biyu.

Wajen ƙarfe ɗaya hedimasta ya zagayo da kansa, sai da muka gan shi da ido sannan ya fito da mu. Aka ƙirga a fili. Aji uku zuwa shida sun cika. Aji ɗaya da biyu babu ko ɗaya, har da sabuwar malamarsu. Baba yana kwance a sume, Asiya na zuba masa ruwa. Sai wani manomi ya ce da idonsa ya ga Haladu a kan tudu yana ɗaga sanda kafin baburan su iso. A ruɗewar nan babu wanda ya tuna cewa alamar da aka shirya a taro ke nan. Wata ta kurma ihu ta ce mun kai musu 'ya'yanmu har gida. Ezekiel da mutanensa suka nufi rugar da bindigogi, mu mata muna biye muna kuka. Ina cikin masu cewa an sayar da su. Na faɗa da bakina, da ƙarfi.

Rugar shiru, shanu sun watse, bukkoki ba kowa. Haladu yana zaune a ƙasa, ya buɗe tafin hannuwansa.

"Ina ɗiyanmu?" in ji Ezekiel.

"Suna nan lahiya. Ku sauke bindiga in kai ku. Ba ni kai mutum da yatsa kan kunamar bindiga wurin ƙanana."

"Tarko na!" wani ya ce daga baya.

Ezekiel ya ɗaga murya ya kira 'ya'yansa. "Godswill! Mika!" Shiru. Ya sake kira har muryarsa ta tsage. Ni ma na kira Praise. Ba abin da ya amsa sai kukan wata akuya. Na ga bakin bindigar ya sauka a ƙirjin Haladu, na ga wani yana laluben ashana a aljihu yana kallon tarin karan da ke bayan garke. Ban san abin da ke ƙarƙashin karan ba a lokacin. Yanzu na sani, kuma duk sanda na tuna sai na nemi wuri na zauna.

"Ezekiel, sauke."

Baba ne. Asiya ta tallafo shi, ta ɗaure masa hannun da gyalenta, jini ya bushe a gefen fuskarsa.

"Sandar da anka ce ya ɗaga, ni ya ɗaga ma. Ba don ita ba da yanzu kuna bin sawun babura cikin daji."

Ya wuce ta tsakiyarsu ya nufi bayan garke. Fadima ta fito daga inda ta laɓe ta janye zanar. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa fuskarsa a bakin ramin ya ce, "Ruwa ya janye, ɗiyana. Ku hito."

Suka fara fitowa, ɗaya bayan ɗaya, jikinsu duk jar ƙasa. Arba'in da ɗaya, sai malamarsu a ƙarshe. Ta ce ta ji maza na ihu da ƙarar bindiga, ba ta san su wane ne ba. Godswill ya ce wa ubansa ya ji kiran, amma Baba ya ce kiran suna ba nasu ba ne. Ezekiel ya ajiye bindigar a ƙasa ya zauna kusa da ita.

Praise ta fito a naɗe da zanen Fadima, da busasshen nono a gefen bakinta. Ta rungume ni ta ce, da muryar da kowa ya ji, "Mama, na taho wurinki yadda kika ce, Baba ne ya hana ni."

Kowa ya ji. Baba ma ya ji. Ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai, kuma daga ranar har yau, shekara biyu, bai taɓa ɗaga mini maganar ba.

Baba Aaron, bari in juyo gare ka, ko da yake na san sai an karanta maka, kuma za ka ce an cika surutu. Kai ne ka zauna shekara shida kana kallon abin da kowa zai taka ya wuce, ka dawo mana da shi a gwangwani muna dariya. Kai ne ka auna taki ɗari da ashirin lokacin da mu masu takardar shaida muke auna wanda za mu zarga. Kai ne mai tsintsiyar da ta share sawun 'ya'yanmu. Hannun da ka ɗaga mana, shi aka karya, kuma ni na san dalilin da ya sa lokaci ya ƙure maka a filin nan. Ban taɓa ba ka haƙuri a gaban mutane ba. Yau na ba ka, a gaban duk wanda ya karanta wannan. Ka yafe mini, Baba. Na gode, mun gode, Allah ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Hannun ya ɗore, amma ba ya wuce kafaɗa. Da hagu yake buga ƙarfen yanzu. Yakan ce wa yara ƙaguwa in ta rasa babban hannu wani na tsiro mata, shi yana nan yana jiran nasa. Su yi dariya. Ni ba na iyawa.

An ce za a kawo sabon mai gadi, saurayi mai usur. Allah ya ba shi sa'a. Amma ba shi ne ya hana ni cin abinci ba. Haladu ya gaya wa Baba cewa in an gama girbi yana tunanin tashi. Bindigar da aka ɗora masa a ƙirji ba ta fita ransa ba, kuma mutanen da suka je suka ce masa ya yi haƙuri ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ezekiel ya je, ya kai damin dawa, ya zauna ya sha fura. Ni sai da na yi mako uku kafin kunya ta bar ni na taka. Fadima ta shimfiɗa mini tabarma ta tambayi lafiyar "ɗiyarta". Ba ta ce komai a kan abin da ta ji na faɗa ba, kuma na san ta ji.

Shekaranjiya Baba ya same ni a bakin aji. Ya ciro gwangwanin ya sa mini a hannu.

"Malama, ke za ki riƙa hawa dutsen. Kin hi kowa zuwa da wuri, kuma kin hi kowa tsoro. Mai tsoro shi ka gani."

Na karɓa. Ban ma iya yi masa gardama ba, ni da ba a raba ni da gardama.

Ku da kuke karantawa, ba na ce ku zama sojoji ba, ba na ce ku je kudu kallon taɓo ba. Ku yi abin da tsohon nan ya yi. Ku fita ƙofar makarantar 'ya'yanku, ko shagonku, ko cocinku, ko masallacinku, ku auna da ƙafa zuwa ƙofar da ta fi kusa. In kun isa ku yi sallama, ko mai gidan ba irinku ba ne, ku san sunansa tun ana zaune lafiya. Ku kuma mutanen unguwarmu, kun san hanyar rugar, kun taɓa bin ta da gudu. Ku sake bin ta a hankali kafin a gama girbi.

Ranar Litinin ƙarfe shida da rabi zan hau falalen dutsen da gwangwanin a jakata. Zan duba shanu, zan duba balbelu. Abin da nake roƙon Allah shi ne in ga hayaƙi na tashi daga bukkar Fadima, don Praise ta kai aji huɗu, amma ƙaninta zai shiga aji ɗaya bana, kuma har yanzu taki ɗari huɗu ne zuwa coci.